Zaftarewar dutse: wa ya sa hannu a takardar fili?

Ranar Litinin 14 ga watan Agusta na shekarar 2017, da sassafe, bayan kwana uku ana tafka ruwa, wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf ya ɓalle ya rufto kan unguwar Regent, a gefen Firitawun, babban birnin ƙasar Saliyo. Laka da duwatsu da itatuwa suka bi kwarin rafi suna share gidaje har zuwa Lumley, bakin teku, tafiyar wajen kilomita 6. Mutum 1,141 suka mutu ko suka ɓata, fiye da 3,000 suka rasa matsuguni, Bankin Duniya kuma ya ƙiyasta hasarar dukiya a kan dalar Amurka miliyan 31 da ɗoriya. Shugaban ƙasar na lokacin, Ernest Bai Koroma, ya sa makokin kwana 7, aka bizne ɗaruruwan gawawwaki a Waterloo, kusa da kaburburan waɗanda cutar Ebola ta kashe.

Rai da ajali na Allah ne, babu mai gardama. Amma tawakkali bai hana bincike ba, kuma wanda ya binciki wannan masifa zai tarar da hannun ɗan Adam a cikinta. Gaskiya ne ruwan damanar ya wuce kima: daga 1 ga Yuli zuwa ranar da abin ya auku an samu milimita 1,040, wajen ninki uku na abin da aka saba. To amma ruwan ya sauka ne kan gangaren da aka riga aka yi wa tsirara. Lokacin yaƙin basasa na 1991 zuwa 2002 jama'a sun kwararo cikin birnin, gari ya cika ya batse, gine-gine suka riƙa hawa dutse har cikin dajin da doka ta keɓe. Talaka ya kafa bukka, mai hali ya ɗora bene, aka sare itace don gawayi, aka fasa dutse don gini.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Idan ƙasar gangare ta sha ruwa ta ƙoshi, nauyinta na ƙaruwa, ruwan da ya shige tsakaninta kuma yana sassauta riƙon da ke tsakaninta da dutsen da take kwance a kai. Saiwoyin itace na ɗaure ƙasar sama, ganye na rage ƙarfin ruwa. In aka sare itacen, aka kuma yanke gindin gangare don a daidaita wurin gini ko a fidda hanya, an cire wa bango madogari ke nan. Sau da yawa ƙasa kan ba da alama kafin ta tafi: tsaga a doron ƙasa ko a bangon ɗaki, itace ko shinge ya karkata, ƙofa ta ƙi rufuwa, ruwa ya ɓuɓɓugo inda ba a san shi ba, rafi ya gurɓace farat ɗaya. Abin da kan rasa shi ne wanda aka ɗora wa alhakin lura, da wanda ke da ikon cewa a tashi.

Misalin ƙasar Suwis ya isa shaida. A watan Mayu na 2025, ma'aikatan da ke sa ido kan dutsen da ke bisa ƙauyen Blatten suka ga yana motsi, hukuma ta kwashe mutanen ƙauyen, wajen 300, har da dabbobinsu. Ranar 28 ga watan, ƙanƙara da duwatsu suka rufto suka bizne kusan kashi 90 cikin 100 na ƙauyen. Mutum guda ya rasu. A Bafusam ta ƙasar Kamaru kuwa, inda ba a tashi kowa ba, zaftarewar ƙasa ta ƙarshen Oktoba 2019 ta ci mutum 43 cikin dare ɗaya. Za a ce Suwis ƙasar masu kuɗi ce. Haka ne, amma taswirar wuraren haɗari, da ma'aunin ruwan sama, da sanarwa ta rediyo, da hana raba fili a inda bai dace ba, ba su kai kuɗin makoki tsada ba. Ita kanta Saliyo sai bayan ta yi hasara ta kafa hukumar kula da bala'o'i a 2020, shekarar da magajiyar garin Firitawun, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itace miliyan ɗaya.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa ina ruwan Nijar da wannan, tun da ba ta da irin duwatsun Saliyo balle irin ruwanta. Lalle haɗarin a nan wata kama ce da shi: ruwan da ke gangarowa da ƙarfi daga tudu, da gaɓar ƙorama da ke zubewa, da kwazazzabon da ke cin gindin gidaje kowace damana. A farkon Satumba 2009, ruwan da ya sauka kan duwatsun Abzin ya cika ƙoramar Telwa, ta fasa madatsa ta afka wa Agadas, dubban gidaje suka rushe. A damanar 2024, bisa ƙidayar hukuma, kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, ta'adin ya shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi. Tushen cutar ɗaya ne da na Firitawun: an zauna kan hanyar ruwa, an sare abin da ke riƙe ƙasa, an kwashe yashi da tsakuwa a gindin gaɓa.

Ba a rasa gado ba wajen magani. Bayan ambaliyar 1945 da ta cinye tsohuwar Maraɗi a cikin kwarin gulbi, an mai da gari bisa tudu, kuma a nan ya bunƙasa ya zama cibiyar kasuwanci. A Adar, aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO ya nuna cewa jeren duwatsu, da ramukan tare ruwa, da dashen itace suna tsai da gangare, kuma galibin aikin mata ne suka yi shi da hannuwansu.

Saboda haka akwai abubuwa huɗu da ke kan wuyan hukumomin birane. Na farko, a zana taswirar wuraren haɗari na kowane gari, a manna ta inda kowa zai gani, a karanta ta a rediyo cikin harsunan ƙasa. Na biyu, duk takardar filin da aka bayar a cikin ƙorama ko gindin gangare, wanda ya sa mata hannu ya amsa tambaya gaban shari'a da sunansa. Na uku, in za a tashi mutane, a fara ba su wani wuri mai ruwan sha da hanya, kusa da abin neman abincinsu. Korar da ba madadi ba ta wuce damana ɗaya, sai su komo. Na huɗu, a tsai da inda motocin yashi da masu fasa dutse za su yi aiki da inda ba za su taɓa ba.

Ɗan kasuwar da ke shirin gina gida ko magaza ya kamata ya ziyarci filin cikin watan Agusta, ya tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa ke bi, domin arha ba ta ado. Ma'aikacin da ke riƙe da hatimi kuwa ya tuna cewa takardar da yake bugawa yau, wasu iyali ne za su kwana a kanta shekara da shekaru. Gemun maƙwabci ya riga ya kama wuta. Aikin taswira da gyaran gaɓa na rani ne, kuma hukumar da ta bari sai hadari ya haɗu ta makara.