Waiwaye: Daga Akwatin Umaru Dikko Zuwa Kuɗin Titin Abuja

Duk direban da ya ratsa Kakuri a Kaduna ya wuce Gonin Gora ya miƙi hanyar Abuja, yana taka titin da aka ware wa kaso daga dala miliyan 311 da suka dawo Najeriya a 2020. Kuɗin sun daɗe a tsibirin Jersey, a asusun wani kamfani da aka danganta da iyalan marigayi Janar Sani Abacha. Na san a majalisar masu shayi har gobe akwai masu rantsuwa cewa ajiya Janar ya yi wa ƙasa. Mu bar wannan gardamar. Abin da ya dame ni shi ne hanyar da kuɗin suka biyo, domin an taɓa gwada wata hanyar, aka kwashi kunya.

Ranar 5 ga Yuli, 1984, wasu mutane suka sure Alhaji Umaru Dikko a ƙofar gidansa da ke Landan. Shi ne ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, kuma shi ya riƙe kwamitin shigo da shinkafa. Sojojin da suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983 suna zarginsa da wawure dukiyar ƙasa, zargin da ya yi ta musantawa har ya koma ga Mahaliccinsa a 2014. Aka ɗirka masa allurar barci, aka cusa shi cikin akwatin katako tare da wani likita Ba'isra'ile mai lura da numfashinsa, aka nufi filin jirgin sama na Stansted inda jirgin Nigeria Airways ke jira. Sakatariyarsa ta ga lokacin da aka ɗauke shi, ta sanar da 'yan sanda. Akwatin kuwa ba a yi masa cikakkiyar shaidar kayan jakadanci ba, don haka jami'an kwastan suka buɗe.

Me aka samu? Kotun Ingila ta ɗaure mutum huɗu, Isra'ilawa uku da wani manjo ɗan Najeriya. Zumuncin ƙasashen biyu ya yi tsami har kusan shekara biyu. Gwamnatin soja ta ce ba hannunta a ciki, amma da ta zo daga baya ta nemi a miƙa mata Dikko a hukumance, Birtaniya ta ƙi. Ina alƙalin da zai miƙa mutum ga waɗanda ake zargi da sa shi a akwati? Ko yana da laifi ko ba shi da shi, talakan Najeriya bai taɓa jin amsar daga bakin kotu ba, kuma wannan ce babbar asarar.

Hanya ta biyu ba ta da armashin labari. Takarda ce, daga ofishin ministan shari'a na wata ƙasa zuwa na wata: ku riƙe mana wannan asusu, ku ba mu bayanan banki, ku ɗauki jawabin wannan shaida. A 1999 gwamnatin Obasanjo ta aika wa Suwizalan irin wannan buƙata kan kuɗin Abacha. Aka rufe asusun, lauyoyi suka yi ta ja-in-ja, sai a 2005 kotun ƙolin ƙasar ta ba da damar mayar da kuɗin, wajen dala miliyan 500 suka dawo. A 2017 aka sa hannu kan dawo da wasu miliyan 321. Na Jersey sai da kotun Amurka ta yanke hukunci a 2014, sannan aka ƙulla yarjejeniya tsakanin Najeriya da Jersey da Amurka a 2020, bisa sharaɗin a zuba su a titin Abuja zuwa Kano, da na Legas zuwa Ibadan, da gada ta biyu a kan kogin Neja. Tafiyar hawainiya ce, amma ta isa. Wani abin lura: marigayi Muhammadu Buhari da ke mulki lokacin akwatin, shi ne ya rattaba hannu a 2019 kan dokar taimakon juna tsakanin Najeriya da ƙasashe wajen binciken laifuka.

Ba kuɗi kaɗai ake bi ta wannan hanya ba. Da yarjejeniyar haɗin gwiwa da Chadi alƙalan kotu ta musamman a Senegal suka je suka saurari shaidu, har aka yanke wa tsohon shugaban Chadi Hissène Habré ɗaurin rai da rai a 2016. A watan Mayun 2023 ƙasashe suka amince da wata sabuwar yarjejeniya a Ljubljana kan taimakon juna a binciken kisan ƙare dangi da laifukan yaƙi. Mu da masu kashe mana mutane ke tsallakawa Nijar da Chadi da Kamaru, da shaidu warwatse a sansanonin gudun hijira, mun fi kowa buƙatar irin wannan.

Sai dai ƙasashen waje iyakarsu su miƙo kuɗi ko hujja. Sauran aikin namu ne. Masu bin hanyar Kaduna zuwa Abuja sun shafe shekaru suna fama da ramuka da cunkoso bayan kuɗin sun iso. Ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Kaduna ta Kudu da Chikun su nemi a fito da lissafin abin da aka kashe a wannan ɓangaren titin daga cikin dala miliyan 311 ɗin, a buga shi kowa ya gani.