Abin Da Mahauci Ya Ciro Daga Tumbin Tunkiyar Maƙwabciyata



Wata maƙwabciyata a nan Illela ta shekara tana kiwon tunkiya, da niyyar idan ta haihu ta sayar da ɗan ta rage kayan ɗakin 'yarta. Sai tunkiyar ta fara ramewa. Ga dusa, ga harawa, amma ta sa baki kaɗan ta janye, ciki kuwa kullum a kumbure. An ba ta maganin tsutsa, an ba ta jiƙo, babu sauyi. Da aka ga za a yi asara gaba ɗaya aka kira mahauci. Da ya farke tumbin, sai ga dunƙulen leda ya cure da igiya da tsumma, ya kusa kai girman kan jariri. Yunwa ce ta ci tunkiyar alhali cikinta a cike.

Ledar nan ba daga nesa ta zo ba. Tamu ce. Wadda aka ƙullo ƙosai, wadda aka zubo manja, wadda muka haɗa da ɓawon doya da ragowar tuwo muka watsa bayan gida. Dabba tana bin gishiri da maiƙon da ke jikinta ta haɗiye, tumbi kuma ba ya narkar da leda.

Ki tuna gidan kakarki. Kusan babu abin da ake kira shara. Ragowar abinci na kaji ne da awaki, toka da kashin dabbobi jaki ya kai gona, ƙwarya idan ta fashe a ɗinke, idan ta ƙi ta ruɓe. Mu ne muka samu kanmu da baƙin kaya: leda, ledar fiya wata, famfas, batir, sirinji. Hannunmu kuma bai canza ba, yadda kaka take watsa ɓawon gyaɗa a juji haka muke watsa batir.

Ranar Lahadi da yamma, idan kasuwa ta watse, ki dubi itatuwan ƙaya da ke bakin hanyar Ƙonni. Baƙar leda ce ke lilo a jikinsu. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda tun 2014, Kenya ma ta hana a 2017. Amma wadda ta taɓa shiga kasuwar Ƙonni ta san takarda daban, abin da ke hannun mai tumatir daban. Iskar hunturu kuwa ba ta tsayawa a boda a duba mata kaya. Don haka ni na daina jiran doka, na koma kan abin da ke cikin ikona, wato tsakar gidana.

Abin da na fi roƙonki ki bari shi ne hura wuta da leda. Na san tana kama gawayi da wuri, na san kananzir ya yi tsada. Amma dubi yadda ake yi: kin sunkuya kan murhu kina fifita, goyo na bayanki, fuskarsa daidai inda baƙin hayaƙin yake tashi. Yaro ƙarami ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskar ƙirjinsa kuma ƙanana ne, abu kaɗan ke toshe su. Sau nawa uwa take kawo mana yaro yana tari yana shessheƙa, a yi magani ya lafa, bayan sati biyu su dawo? Idan na tambayi da me ake hura wuta a gidan, amsar ba ta cika ba ni mamaki ba. Kara, busasshiyar ciyawa, ɓawon gyaɗa ko guntun kwali duk suna kama wuta. Haka ma cinna wa juji wuta da magariba: hayaƙin ba ya tafiya ko'ina, ɗakunan da yara za su kwana yake shiga.

Sai allura. An taɓa kawo mana yaro ɗan shekara 6 da sirinji ya soke shi a tafin ƙafa, yana tonon gwangwani a juji shi da abokansa. Babu wanda ya san jikin wa allurar ta shiga kafin nasa. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini. Idan hakan ta faru da naki, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, kada ki matse, kada ki shafa toka ko man birki, ki kai shi asibiti a ranar. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ga kuma batun allurar tetanos. Idan kuwa a gidanki akwai mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura, ko ana zuwa yi wa wani a gida, ki samu gora mai kauri mai murfi, a riƙa jefawa ciki. Kafin ta cika a rufe, a kai wa ma'aikatan asibiti mafi kusa su haɗa da nasu. Ragowar magani da ya lalace ma can ya dace, ba juji ba.

Batir kuma iri biyu ke ba ni tsoro. Ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓalli na agogo da kayan wasa, idan yaro ya haɗiye ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙona maƙogwaro. Babban na mota da na sola kuwa dalma ce a cikinsa, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kada ki yarda a fasa batir a gidanki, a sayar da shi a rufe yadda yake.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Bokiti ɗaya kusa da madafa na abin da dabba za ta ci ko gona za ta karɓa, kuma ko ƙyallen leda kada ya shiga. Buhu ɗaya a rataye na gwangwani, tsohon ƙarfe, fasasshen bokiti da silifas. 'Yan gwangwan suna biyan kuɗi a kansu, ki sayar da kanki maimakon yara su je tono. Famfas a karkaɗe kashin a masai, a ƙulle, a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Kada a jefa shi cikin masan, zai cika miki shi kafin lokaci.

Ledar ce dai ba ni da cikakkiyar amsarta, ba zan ɓoye miki ba. Binnewa ba ta ruɓar da ita, sai dai ta raba ta da bakin akuya da kwatar da damina za ta toshe. Abin da ya fi shi ne ta ragu tun daga ƙofa. Ni yanzu ranar kasuwa da jakar buhu nake fita, da roba mai murfi ta manja, yaron da na aika sayen koko kuma da kofi yake tafiya. Mai tumatir ya yi mini dariya makon farko, yanzu da ya hango ni yake miƙo hannu ya karɓi jakar.