Ikon kaka a ɗakin jego

A ƙasar Adar, daga Keita zuwa Buza har Madawa, mace ba ta cika yin haihuwar fari a ɗakin miji ba in dai uwarta na raye. Ciki na tsufa za a maido ta gida goyon ciki. Haka aka maido mini ɗiyata cikin ɗarin bara, mijinta ya riga ya kama hanyar Abijan bida kamar yawancin samarinmu. Ta sauka da bazara, ana tsakiyar cirar albasa a fadamar Tarka.

Daga ranar iko ya faɗo hannuna gaba ɗaya. Ni ke hura wutar wanka safe da yamma, ni ke dama kunu, ni ke cewa wa zai ɗauki jinjiri. Ɗiyar fari ce, alkunya ta hana ni kiran sunanta tun da na haife ta, ita ma ba ta iya ɗaga ido ta yi mini musu. Sai ga jika, wanda al'ada ta sakar mini mara a kansa: in kira shi maigidana, in tsokane shi cewa bai ba da kuɗin cefane ba, in rungume shi gaban kowa. Ƙaunar da na dunƙule shekara da shekaru ta sami ƙofa, kuma daɗinta na iya sa mace ta manta cewa yaron nan da uwarsa.

Ni kaina a hannun kaka na tashi. A 1984, shekarar yunwar da muke kira El-Buhari, aka soma aikin farfaɗo da ƙasar Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO. Maza sun watse neman abinci, mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suna jerawa a gangaren tuddai don tare ruwa, suna haƙa ramukan dashen itace, ana biyansu da abinci. Innata na cikinsu. Tun asuba take fita, kakata ce ke riƙe mu. Allah Ya jiƙanta, ta raya mu da abin da ta sani: bauri ga jinjiri, matse dakashi a zubar, kiran wanzami ya cire beli. Ba wanda ya isa ya ce mata don me. Da na yi wayo na gane cewa wasu ƙannena da aka rufe ba su kai yaye ba, zawo ne ya tafi da su, kuma ba ƙarancin so ne ya jawo ba.

Kwana uku da haihuwa, ɗaki cike da 'yan barka, zafi ya kai inda ya kai. Wata gwaggo ta ce, "Haba, ku ɗura wa yaron nan ruwa mana, maƙogwaronsa ya bushe." Mai jego ta sunkuyar da kai, murya can ƙasa ta ce mini, "Inna, a likita sun ce nono zalla har wata shida." Na san irin ƙarfin halin da ta tattaro kafin ta furta wannan gaban manya. Na kuma san in na ce a ba shi, sai an ba shi. Na ce wa gwaggo, "Yaya, uwarsa ta ce a bari, ni ma haka na gani." Magana ta mutu nan.

Darasin da kwana arba'in ɗin nan suka koya mini ke nan: ma'aikatan lafiya da uwa suke magana ranar awo, amma hukunci a bakin kaka yake. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Tun 2013 ake raba maganin rigakafin zazzaɓi da damina a Madawa da Buza. Duk da haka, in kaka ta ce a dakata a gwada jiƙo, yarinya 'yar shekara ashirin da mijinta ke Abijan ba za ta saɓa goyo ta fita ba. Wadda ta ga cibiyoyin tamowa a 2005 ta san abin da jinkirin kwana biyu ke yi wa yaro.

Ban ce a watsar da jego ba, ina! Hutun kwana arba'in, da nama, da kunu mai ɗumi, da hannun uwa a kusa, gata ne da mata da yawa a duniya ba su samu. Na dai sassauta zafin ruwan wanka, na rage kanwa ƙwarai, don tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta.

Yanzu maganar yaye ce a gabanmu. A al'ada rana ɗaya ake ɗauko yaro a kawo wa kaka, kuma wallahi raina na so. Ɗiyata kuwa ta fi son ta janye shi sannu a hankali a ɗakinta. Na ce ta yi shawara da mijinta ta waya, abin da suka yanke shi za a yi.