GP Ba Ya Gyara Waya

Ga jarrabawa ta ƙarato, kowa ya shiga farautar tsofaffin tambayoyi, hira a aji da bakin get duk ta koma "nawa ne GP ɗinka?" Kafin mu nutse cikin wannan hada-hada, bari in ba ku labarin ranar da na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Na gama ND a fannin lantarki da sakamakon da ya haura 3.00. A unguwarmu, Gyadi-Gyadi, tun ban karɓi takarda ba aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ina amsawa har da gyara zaman hula. Da shekarar IT ta zo, kawuna ya haɗa ni da wani mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni. A satin farko maigidan ya miƙo mini wata waya da ba ta kamawa kuma ba ta caji, ya ce, "Injiniya, duba mana wannan." Na juya ta gaba, na juya ta baya, na ce batir ne. Aka sa sabon batir, shiru.

Sai wani yaron shago, wanda bai wuce shekara goma sha biyar ba, ya ce, "Yaya, ɗan miƙo mini mita." Ya gwada layin wuta, ya ce akwai inda wuta ke haɗewa. Ya shafa sifirit a kan injin wayar, ya ba ta wuta kaɗan, muka zuba ido. Wuri guda ya riga ko'ina bushewa, domin nan ne ke ɗaukar zafi. Ya cire ɗan ƙaramin kafasita da bai kai ƙwayar gero ba, waya ta kawo haske. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a darasin da aka koya mana kafasita A na ci. Na haddace bayaninsa, na zuba a takarda, na fito na manta. Ashe shekara biyu na yi ina koyon yadda ake cin jarrabawa, lantarkin kuwa ban fara ba.

Kuma ba ni kaɗai ba ne, mu faɗa wa juna gaskiya. Mun san kwas ɗin da ake cewa "haddace handawut kawai, ka wuce". Mun san yadda mutum biyu ke yin aikin rukuni, mutum takwas su kawo suna da kuɗin firintin. Mun san logbuk ɗin SIWES da ake cikewa a dare ɗaya, a yi ta canza biro don ya yi kama da rubutun wata huɗu. Mun san furojet ɗin da ake saye a shagon kwamfuta, a canza suna da shekara, a kai wajen bayindin. Alhali hukumar ITF ta ƙirƙiro SIWES ne tun 1973 saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda ba su iya aiki ba. Maganin da aka kawo don wannan ciwo, shi ma mun mai da shi abin cike fom.

Akwai wani abu da ya faru a birnin Hanoi na ƙasar Biyetnam a 1902. Ɓeraye suka addabi gari, Turawan Faransa da ke mulki suka sa lada a kan duk ɓeran da aka kashe, shaida kuwa a kawo wutsiya. Wutsiyoyi suka yi ta shigowa dubbai. Can sai aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a gari. Mutane sun gane wutsiya ake biya, don haka sai su yanke su saki ɓeran ya je ya hayayyafa, wasu ma har kiwonsu suka shiga yi. Lissafi a ofis ya yi kyau, ɓera kuwa yana nan daram. To GP wutsiya ce. An ƙirƙiro shi don ya shaida an yi ilimi, mu kuma muka gano ana iya kawo wutsiyar ba tare da an kashe ɓeran ba.

Na san wani zai ce, "Kai malam, da daɗin faɗa. Ba GP ake kallo wajen shiga HND ba? Ba shi ake dubawa a tantance masu neman aiki ba?" Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya yi wasa da makinsa ba. Wanda mahaifinsa ya sayar da buhun masara ya biya masa rajista bai da hurumin kwaso kariyoba da sunan neman "ilimi na gaskiya". Haka kuma ba duka laifin ne namu ba: idan jarrabawa haddar shafi take nema, hadda ɗalibi zai kawo, idan wokshop ba wuta ko na'ura ɗaya ce ga mutum hamsin, kallo za a yi. Amma takarda bakin ƙofa kawai take kai mutum. Ranar da aka ajiye maka injin da ya tsaya, ko littafin kuɗin da ya ƙi daidaita, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Wanda zai haɗa wutar gidan mutane, ko ya auna rodin bene, ko ya gwada jinin mara lafiya, in ya yi ha'inci a karatu, wani bawan Allah ne zai biya da dukiyarsa ko da ransa.

Sannan kullum muna kukan bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digiri. To da me muke bugun ƙirji? Da cewa mu 'yan poli mun iya aiki da hannu. In muka saki wannan, me ya rage mana a gardamar?

Kada kuma a ɗauka ina cewa aji ba shi da amfani. Bayan wata biyu a shagon nan aka kawo wayar da ta gagari kowa. Maigida ya buɗe zanen da'irarta a kwamfuta, yaron nan ya kasa bin layukan, ni kuwa na iya, don an koya mana. Ni na karanta, shi ya riƙe dalma, muka tayar da ita. Tun daga ranar muka ƙulla: yana koya mini hannu, ina koya masa zane. Da na dawo HND, karatun ya zo mini da sauƙi, domin duk abin da malami ya zana a allo na taɓa ƙona yatsana a kansa. GP ɗina ma bai faɗi ba, ƙaruwa ya yi.

Shawarata ba ta da tsada. Ka nemi shago ko gareji ko ofis ka riƙa zuwa ranar Asabar, ko ba ko sisi. Ki zaɓi furojet daga matsalar da kike gani da idonki: tankin ruwan layinku da ke cika yana zuba a banza don babu abin da zai kashe famfo, ko mai shagon kayan masarufi a kasuwar Tarauni da bai san ribarsa ba don bashi da ciniki duk a kai suke. A logbuk, ranar da ba ka yi komai ba, kar ka ƙaga. Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, yadda ake karrama masu GP mafi tsoka, a ware rana guda a shekara kowane sashe ya fito da abin da ya ƙera, a kunna a gaban jama'a. Gani ya kori ji.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kuma sa abin da ke kan takardarmu ya zama akwai shi a hannunmu. Amin.