Sai Bango Ya Tsage Kwalara Kan Sami Wurin Shiga

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama a kudancin ƙasar Kano, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Burumburum da Doguwa, manomi kan yi murna masararsa ta yi kyau, malamin asibiti kuwa gabansa ya riƙa faɗuwa, don ya san lokacin amai da gudawa ya yi. Ruwan da ya raya gona shi ne kan kwaso ƙazantar bayan gari ya zuba cikin rijiya da rafi. To, wannan ciwo da likitoci ke kira kwalara shi za mu yi magana a kansa yau, maganarmu kuwa guda ce: kwalara ma'aunin mulki ce. Duk inda aka ji ta yi ɓarna mai yawa, in an bincika za a tarar akwai wani aiki na hukuma da aka bari ya lalace tun ba ta zo ba.

Bari mu fara da halin cutar, domin wanda ya san maciji shi ya san inda zai sa ƙafa. Ƙwayarta tana fita ne cikin bayan gidan mutum, ta shiga ruwan sha ko abinci, wani ya haɗiya. Daga sa'a goma sha biyu zuwa kwana biyar sai ta bayyana. Mai ciwon ya yi ta zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa, ya yi ta amai, idanu su faɗa, fata ta yamushe, ƙafafu su riƙa murɗawa. Ƙarewar ruwan jiki ke kashe shi, har ƙato majiyi ƙarfi kan kwanta da hantsi a yi jana'izarsa kafin almuru. Cikin waɗanda ciwon ya tsananta musu, in ba a yi musu kome ba, har rabi suna iya mutuwa. Amma in an hanzarta mayar musu da ruwan da suka zubar, cikin ɗari ko ɗaya da ƙyar kan rasu. Ku dubi wannan rata, jama'a. Tsakanin hamsin cikin ɗari da ɗaya cikin ɗari ba wani abu sai ruwa mai tsabta, da gishiri da sukari, da ma'aikaci a bakin aikinsa, da hanyar da za a bi a kai majinyaci. Waɗannan kuwa su ne ainihin abin da ake biyan haraji dominsa.

Tarihin ƙasarmu ma ya ba da shaida. Annobar da duniya ke fama da ita a wannan zamani ta taso ne daga Indunusiya a 1961, ta iso ƙasar Gini cikin 1970, ta biyo gaɓar teku har Ikko a ƙarshen shekarar, watau ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga yaƙin basasa ba. A 1971 mutum sama da 22,000 suka kamu a Nijeriya, wajen 2,900 suka rasu. A 1991 masu kamuwa sun haura 59,000, mamata sun haura 7,600. Mutanen Kano kuwa ba za su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da kwalara suka haɗu a lokaci guda, har Asibitin Zana ya rasa masaka tsinke. A 2021 aka lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu, aka yi rashin fiye da 3,600, Kano kuwa tana cikin jihohi huɗu da suka fi shan wuya, tare da Bauci da Jigawa da Zamfara. Shekara hamsin ke nan cur tsakanin zuwanta na farko da wannan, maganinta sananne ne, mai araha, amma ga ta nan tana komowa.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya sai ya dubi ƙasar Haiti, wadda ke kan wani tsibiri kudu maso gabas da Amurka, mutanenta kuma jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka. A Janairun 2010 girgizar ƙasa ta rushe babban birninsu har da ofisoshin gwamnati. A Oktoban shekarar kwalara ta ɓulla a kogin Artibonite, daga ƙazantar wani sansanin sojan Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da Majalisar ta nemi gafara a kansa a 2016. Mutum wajen 820,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. Da aka dage aka yi aiki, sai da aka yi shekara uku ba a tabbatar da ko mutum ɗaya mai ciwon ba. Sa'an nan mulki ya wargaje. Ran 7 ga Yulin 2021 aka kashe shugaban ƙasar, Jovenel Moïse, a cikin gidansa. 'Yan daba masu bindiga suka rarraba birni a tsakaninsu, a Satumban 2022 suka tare babban ma'ajin man ƙasar. Da mai ya yanke, injinan ruwa suka tsaya, asibitoci suka rage aiki, motar ɗaukar majinyaci ta rasa hanya. Ba a yi wata guda ba kwalara ta komo. Ƙasashe suka gargaɗi mutanensu kada su je, a Nuwamban 2024 har jiragen sama na fasinja aka harba a filin jirgin babban birnin.

Haka kuma aka gani a Zimbabuwe cikin 2008, sa'ad da rikicin zaɓe ya haɗu da mutuwar darajar kuɗi, hukumar ruwa ta kasa sayen maganin tace ruwa, manyan asibitocin Harare suka rufe, mutum fiye da 4,000 suka halaka. Haka a Yaman, inda yaƙi ya sa masu kamuwa suka haura miliyan ɗaya kafin ƙarshen 2017. Ba mu ce ƙasarmu ta kai ga wannan hali ba, Allah ya kiyaye. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Rushewar mulki ba kullum take farawa daga fadar shugaba ba. Takan fara daga famfon da ya lalace aka shekara ba a gyara ba, da ɗakin shan magani da akuya ke kwana a ciki, da hanyar da direba ba ya yarda ya bi bayan la'asar.

To, mu komo gida. A zamanin En'e akwai wani tsari wanda dattawa suka sani. In baƙon ciwo ya shigo unguwa, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, malamin hakimi ya rubuta takarda zuwa birni. Akwai kuma duba-gari, mai leƙa randa da masai da mahauta, wanda matan gida kan yi shara tun da asuba saboda tsoronsa. Ba mu manta ba wannan tsari yana da nasa aibi, don an ci zalin talakawa da sunan tsabta, an kuma karɓi toshiya. Amma ko ba kome an san wanda za a tambaya in abu ya ɓaci. Tun gyaran 1976 wannan nauyi ya koma kan ƙananan hukumomi, su ke da kasuwa da tasha da mahauta da ƙananan asibitoci. A 2019 aka raba masarautar Kano biyar, waɗannan ƙasashe namu na kudu suka koma ƙarƙashin Rano, a Mayun 2024 kuma aka soke dokar. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wa ke da gaskiya cikin waɗannan al'amura, wannan ba shi ne zancenmu ba. Abin da muke faɗi shi ne, ko wa ke bisa karaga, ko ta wace hanya kuɗi ya biyo, kada igiyar da ta haɗa mai unguwa da likita ta tsinke ko da kwana ɗaya, gama ƙwayar cuta ba ta jiran a gama shari'a.

Sai batun hanya, wanda ya shafe mu fiye da sauran ƙasar Kano. Babbar hanyar Zariya ta ratsa ta Kwanar Ɗangora, daga nan wata ta balle ta bi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta nufi Saminaka da Jos. Dare da rana motocin masara da shinkafa da rake suna bin ta, ga fatake, ga 'yan ci-rani, ga almajirai, ga makiyaya. Arziki ne babba, amma ta inda arziki ya shigo ta nan annoba kan shigo. Likitoci sun tabbatar yawancin masu ɗauke da ƙwayar kwalara ba su jin ciwon kome, alhali kuwa suna zubar da ita har wajen kwana goma. Ashe matafiyi lafiyayye, wanda ya tsuguna bayan tasha don ba a gina masai ba, yana iya barin wa gari abin da zai cinye shi. Ruwan sama ya ɗauka ya kai rafi, rafi ya kai Kogin Kano, kogi ya zuba a madatsar Tiga, wadda dubban mutane ke sha da wanka da ban-ruwa daga gare ta.

Akwai kuma wata fuska ta biyu. Shekaru da yawa dajin Falgore ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu da satar mutane, har tafiyar dare ta zama abin shawara. Ku ɗauka yaro ya fara zawo bayan isha'i a wani ƙauye na bakin dajin. Uban yana da kuɗin mota, asibiti kuma yana da ruwan ƙari, amma mai babur ya ce sai gari ya waye. Kwalara kuwa sa'o'i take ƙirgawa. In yaron nan ya rasu za a rubuta amai da gudawa ne suka kashe shi, amma ɗan fashin da ya hana bin hanya yana da kamasho a ciki, ko da bai taɓa ganin yaron ba. Saboda haka muke cewa tsaron hanya aikin lafiya ne, sojan da ke sintiri a Falgore abokin aikin malamin asibiti ne. Ya kamata kuma kowace gunduma ta ajiye ƙullin gishiri da sukari a hannun wani amintacce a ƙauyukan da ke nesa, tun kafin ruwa ya sauka, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga matafiyi kuwa muna da 'yar nasiha. Ka tafi da ruwanka wanda aka tafasa. Ka ci abinci da zafinsa, ka bar kwaɗo da yankakken kayan marmari da ƙuda ya sauka a kai, ka yi hattara da fura da zoɓo da ƙanƙarar da ba ka san ruwan da aka yi su da shi ba. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka kewaya da kuma kafin ka ci. Ka yi sammako, ka sauka da sauran rana. In an ce gari kaza ana annoba, tafiyar kuwa ba ta dole ba ce, ka dakata, gama addininmu ya hore mu kada mu kai kanmu inda annoba take, kada kuma mu kwashe ta mu kai wa wasu. In kuwa zawo ya kama ka ko wani naka, kada a jira. A sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a dama, a yi ta ba shi kaɗan kaɗan ko yana amai, ana yi ana nufar asibiti. Kada a raina wannan haɗi. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, wani likita mutumin Indiya, Dilip Mahalanabis, ruwan ƙari ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira, ya koma ga gishiri da sukari, mace-mace suka sauko daga wajen 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Yanzu sai ku, malaman ofis da malaman makaranta. A ƙauye ku ne Gwamnati, don talaka bai taɓa ganin minista ba, ku yake gani. Malamin ofis, in rahoto ya zo maka an yi rashin mutum biyu ko uku da zawo a gari ɗaya, ka aika da shi ran nan, kada ya kwana a aljihun tebur, kada kuma ka rage lissafi don gudun ɓacin ran na gaba. Ɓoye annoba ba ya kare sunan gari, sai dai ya ƙara kaburbura. In ana tsara kasafin shekara, ka tuna wa majalisa kuɗin gyaran famfo da haƙa masai a kasuwa da tasha, ko da ba su da farin jini kamar ginin ƙofar gari. Malamin makaranta, yaran da ke gabanka su ne jakadunka zuwa cikin gidajen da namiji baƙo ba ya shiga. Ka koya musu haɗin gishiri da sukari har su iya shi kamar karatun sallah, ka koya musu a ɗaure guga ɗaya a rijiya kada kowa ya zo da nasa, a rufe randa, a ajiye moɗa mai mariƙi. Ka kuma roƙi limamin gari ya yi bayani ran Juma'a, cewa mai wankan gawar wanda kwalara ta kashe ya kiyaye hannunsa, kada ya taɓa abincin masu zaman makoki, ruwan wankan kuma a zuba shi a rami nesa da rijiya.

Wani zai ce ai ciwo da mutuwa duk na Allah ne. Haka ne, ba mai musu. Amma wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, ya kuma ba mu hankalin da za mu raba rijiya da masai. Kakanninmu na wannan yanki sun yi tawakkali, duk da haka sai da suka kewaye garuruwansu da ganuwa saboda harin Ningawa, kuma in damina ta zubar da wani sashe, da kaka su yi gayya su ɗora. Ganuwar wannan zamani ita ce rijiya mai murfi, da asibiti mai ma'aikaci, da hanya mai aminci, da malami mai rubuta gaskiya. Kowa ya duba sashen da ke gabansa ya liƙe tsagar tun ƙadangare bai gan ta ba.

Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya kai matafiya gida lafiya, amin.