Mussa a Cikin Gida, Bodari a Bayan Danga

 Yau maganar gida za mu yi. Za mu yi batun dabbobi biyu da kowa ya sani a nan ƙasar Arewa. Ta farko ita ce mussa, wadda wasu ke kira kyanwa ko mage. Na biyu shi ne bodari, mai warin nan da ke tada mutum daga barci.

Ga ra'ayina tun daga farko. Duk gidan da ke da rumbu ya kamata ya riƙe mussa, ya kula da ita kamar yadda yake kula da akuya. Bodari kuwa, a toshe masa hanyar kaji, a bar shi ya wuce abinsa. Guba kuma mu nisance ta. Bari in faɗa maka dalilina, sannan ka auna da kanka.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Mu nan Dogon Kiriya damana ɗaya gare mu a shekara. Wata 3 ko 4 ake ruwa. Abin da muka girbe da kaka, shi za mu ci har wata kaka. Haka abin yake a Sukukutan, haka a Matankari, haka har Tibiri. Ka yi shuka, ka yi noma, ka yi maimai, ka ɗaure damma, ka kai rumbu. To daga nan sai wani ya shigo ya fara ci tare da kai, ba sallama. Kusu ke nan.

Kusu ba ya ɗaukar da yawa a dare ɗaya, shi ya sa muke raina shi. Amma yawan haihuwa gare shi. Cikinsa kamar mako 3 ne kawai. Akwai wani irin kusun gona mai nono da yawa, wanda kan haifi ɗiya 10 ko fiye a ciki ɗaya. Ɗiyan nan kuma kafin wata 3 su ma sun isa haihuwa.

Tunda mun koyi lissafi, mu gwada misali. A ce kusa na cin tiya 1 ta hatsi a rumbunka kowane mako. Daga kaka zuwa faɗuwar ruwa wata 8 ne, wato kamar mako 35. Ka ga tiya 35 ta tafi. Buhu mai kilo 100 kuwa kamar tiya 40 ne. Ashe kusan buhu guda ka ciyar da ɓarawo. Kuma yaushe za ka ji zafin rashin? Cikin damana, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kasuwa ta yi tsada, ga aikin gona a gabanka.

Tsofaffinmu sun ga abin da ya fi haka. Bayan farin 1973, kusa sun yi yawa ƙwarai a ƙasashen Sahel cikin 1975 da 1976. Bayan farin 1984 kuma abin ya sake faruwa a 1986 da 1987. A wurare da dama har irin da aka shuka suke tonewa su cinye.

Ban da ci, akwai ƙazanta. Kusu na zuba fitsari da kashi a kan cimaka. Ta wannan hanya zazzaɓin Lassa ke kama mutane. An fara gane cutar a 1969, a garin Lassa da ke jihar Borno ta Najeriya, kuma kusun nan mai nono da yawa shi ke ɗauke da ita.

Mussa tsohuwar ma'aikaciya ce

Zaman mutum da mussa ya daɗe. Asalinta kyanwar daji ce. Da mutane suka fara noma suna tara hatsi, sai kusa suka biyo hatsi, ita kuma ta biyo kusa. A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka tarar an binne mutum da mussa kusa da shi. Mutanen Misira na dā ma sun girmama ta ƙwarai. Ka ga tun farko rumbu ne ya haɗa mu da ita.

Malamanmu sun gaya mana sahabi Abu Huraira ya samu wannan laƙabi ne saboda ƴar mussa da yake ɗauka. Sun kuma gaya mana labarin matar da aka yi wa azaba don ta kulle mussa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. To in ka kawo ta gidanka, haƙƙinta ya hau kanka.

In ka kawo sabuwar mussa

Cikin mussa kamar wata 2 ne. Kada ka raba ɗan mussa da uwarsa sai ya kai wata 2 da haihuwa. Wanda aka cire da wuri yakan tashi da rauni, ko ya mutu.

Ran da ka kawo ta, kada ka sake ta a tsakar gida. Ba ta san wurin ba, tsoro take ji, za ta gudu. Ka sa ta a ɗaki guda kamar mako 1. Ka ajiye mata ruwa mai tsabta a ƙwarya ko kasko. Ka zuba mata rairayi a wani tsohon kwano can gefe, nan za ta riƙa yin kashi ta binne. Ka hana yara jan wutsiyarta. In akwai kare a gidan, a gabatar da su sannu-sannu, kare na ɗaure, kai kana tsaye.

Mussa mai cin nama ce, tuwo kaɗai ba ya riƙe ta. Ka haɗa mata da ɗan kifi, ko guntun nama, ko kayan ciki in an yi yanka. Madara kuwa kaɗan za a ba ta, don takan sa babbar mussa zawo.

Ke uwargida, ga taki. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin mussa, don akwai wata cuta a cikinsa da ke iya taɓa ɗan da ke ciki. Wani ya kwashe kowace rana, ya wanke hannu da sabulu.

Abin da masu ƙin mussa ke cewa

Wani zai ce, "Malam, ai mussa ɓarauniya ce. Ta sha nono, ta ɗauke nama." Gaskiya ne, takan yi. Amma Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ƙwaryar da aka rufe da faifai aka ɗora dutse, mussa ba ta buɗe ta. Rufin nan kuma shi zai hana ƙuda da kusu.

Wani zai ce, "In ka ba ta abinci ba za ta kama kusu ba." Ba haka ba ne. Farauta halinta ce, ko ta ƙoshi tana yi. Mussar da aka bari da yunwa ita ce ke faɗa wa ƴan tsaki, ko ta bar gidanka ta koma inda ake ba ta. Ka ciyar da ita, ka kife ƴan tsaki da kwando har su yi ƙarfi.

Wasu kuma tsoronta suke yi, musamman baƙa. Sun ce mayya ce, don idonta na ƙyalli da dare. Ka haska tocila a idon akuya ko na kare cikin duhu, za ka ga ƙyallin nan. Halitta ce da ke taimakon dabba gani da dare. Launin gashi kuwa ba ya mai da dabba mayya, kamar yadda baƙar akuya take akuya.

Amma kada ka bar wa mussa aikin duka. Ka ɗaga rumbu bisa duwatsu ko itace, ko na kara ne ko na laka. Ka share ciyawa da tarkace kewaye da shi. Ka toshe ramu. In wurin fili ne, kusu ba ya da maɓoya, aikin mussa ya yi sauƙi.

To bodari fa?

Bodari bai kai babbar mussa girma ba. Baƙi ne, da zane fari 4 a gadon bayansa, da wutsiya mai gashi. Da dare yake yawo, shi kaɗai. Abincinsa kusa ne, da ƙwari, da fara, da ƙadangaru, har da ƙananan macizai. Ka ji fa, kusa ne a gaba. Aikin da mussa ke yi maka a cikin gida, shi yake yi maka a gona da bayan danga, ba ka ba shi ko loma ɗaya ba.

Laifinsa biyu ne. Na farko, in ya samu akurki a buɗe yakan sha ƙwai, ya kashe ƴan tsaki. Na biyu, warin nan. Mu kan ce tusa yake yi, amma wani ruwa ne mai maiƙo da yake fesawa daga gindin wutsiyarsa. Shi ne makaminsa. Ba ya fesawa haka kawai, sai an matsa masa. Da farko yakan tada gashi, ya ɗaga wutsiya, ya juya maka baya. Wannan gargaɗi ne. In abin ya ci tura, wani lokaci sai ya kwanta kamar ya mutu.

A can Amurka akwai wata dabba mai kama da shi, suna kiranta sikank. Ita ma baƙa ce da zane fari, ita ma fesa wari take yi, har nisan mita 3. Karnukansu ma haka suke shan wahala in sun bi ta. Ka ga rigimar kare da mai wari ba a Arewa kaɗai ake yin ta ba.

In ka yi karo da bodari da dare, ka tsaya, ka ja da baya sannu. Ka kira karenka. Kada ka rutsa shi a lungu, ka bar masa hanyar fita. In ya fesa wa mutum ko kare a ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. Jiki da tufafi a wanke da sabulu, a maimaita, don ruwa kaɗai ba ya fid da maiƙo. Sannan a shanya a rana.

Maganin ɓarnarsa kuwa a hannunka yake. Ka shigar da kaji da zabbi tun magariba. Ka rufe bakin akurki da abin da ba ya turuwa. Ka duba ƙasan akurkin, don yana iya tono. Ka kwashe ƙwai kafin dare. Baƙon da bai samu komai ba, ba ya yawan dawowa.

Me ya sa na ce a bar guba?

Ran kasuwa za ka ga ana tallar maganin kusu a ƴan ƙulli, ba suna, ba bayani. Araha gare shi, shi ya sa ake saye. Amma guba ba ta san kusu ba. Ana cuɗa ta da hatsi ko tuwo a ajiye a ƙasa. Wa ke yawo a ƙasa? Kaji, da ƴan awaki, da yaro mai rarrafe wanda komai ya gani sai baki.

Ko kusun ne ya ci, magana ba ta ƙare ba. Zai fito yana tangaɗi, mussa ta kama shi, ita ma ta mutu. Haka bodari, haka mujiya, wadda ita ma kusa take ci. Ka kashe kusu 10, ka kashe masu kama maka ɗaruruwa. Bayan wata kaɗan kusa sun dawo, masu tsaro kuwa babu. In kana son ƙari a kan mussa, ka ɗana tarko inda yara ba sa kaiwa.

Cizo ba abin wasa ba ne

Saura gargaɗi ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai yake kamawa ba. Mussa na iya ɗaukarsa, dabbar daji ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai allurar da ke tare shi in an yi ta da wuri. Wani masani a Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum ita a 1885.

Saboda haka, in kare, ko mussa, ko bodari ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Sannan a tafi gidan likita a ranar. Kada a tsaya jiran gobe, kada a tsaya ga shafa magani a gida. In ka ga bodari na yawo da rana tsaka ba ya tsoron mutane, ku nisance shi, ku tsare yara. Karenka da mussarka kuma, ka tambayi ma'aikatan kiwo yadda za a yi musu allura. Rigakafi ya fi magani.

Ɗan'uwa, ga abin da nake roƙonka. Yau in ka koma gida, ka zagaya rumbunka ka duba ramu. Ka duba bakin akurki. In akwai ƙullin guba a ɗaki, ka kawar da shi inda yaro ba ya kaiwa. In maƙwabcinka na da mussa mai ɗiya, ka roƙi ɗaya, ka jira ta kai wata 2. Hatsin da ka sha rana a kansa, iyalinka suka fi cancanta su ci shi.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare mana abin da muka tara. Amin.