Kaluluwa Ɗan Aike Ce, a Nemo Wanda Ya Aiko Ta

Kusan duk wanda ya yi ƙuruciya yana yawo ba takalmi ya san kaluluwa: a yi tuntuɓe yau, jibi matsematsi ya kumbura. Wannan sabon da muka yi da ita ne ya sa muke raina ta, kuma ina ganin rainin yana da haɗari.

Jikin ɗan Adam yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙululai masu tace ruwan jiki, suna tare ƙwayoyin cuta kafin su shiga jini. Na matsematsi su ke kula da ƙafafu, da al'aura, da fatar ciki daga cibi zuwa ƙasa. Idan sun kumbura, akwai abin da suke yaƙa a yankin. Galibi ƙaramin abu ne, kamar gyambo, maruru ko ƙaiƙayin tsakanin yatsu, kuma kumburin kan sace idan an warkar da tushensa.

Sai dai ba kullum ba. Tunjere da wasu cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa suna kawo kaluluwa, haka ma tarin fuka, da tsutsar tundurmi da sauro ke yaɗawa, wani lokaci har da sankara. Kowanne da maganinsa: tunjere allurar fenisilin, tarin fuka magani na wata 6 da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati a Najeriya. Mai kemis da bai duba jikinka ba, ta yaya zai san wanne ke damunka? Kafso ɗin da zai ƙirga maka zai iya lafar da alamar, ciwon kuwa yana nan.

Sakiya ta fi wannan muni. Babbar jijiyar jinin ƙafa ta nan ta wuce, kuma ƙaba, wato hanjin da ya turo, takan yi kama da kaluluwa. Huda ta ganganci ne da rai.

Na san kunya ce ke hana da yawa, musamman mata, nuna wa likita wannan wuri. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan kumburin ya haura mako 2 bai ragu ba, ko ya yi tauri ba ya motsi, ko ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, a tafi asibiti. Rashin zafi kada ya kwantar da hankali, domin kaluluwar sankara sau da yawa ba ta ciwo.